Wadda Inna Ta Miƙa wa Hannu

Shekarata ashirin da biyu ina aikin jinya lokacin da aka kawo mahaifiyata asibitin da nake aiki a yankin Ikara. Ni ce babba a ɗakin mata a lokacin. Duk ƙaramar nas ɗin da aka turo, ta hannuna take bi, ni nake nuna mata yadda ake neman jijiya, ni nake rubuta wanda zai yi aikin safe da wanda zai yi na yamma.

Da kaka ne, ana cire masara. Ƙanena ne ya ɗauko ta daga Likoro a motar haya, ya sa ta a gidan gaba saboda ba ta iya jingina da baya sosai. Da na fito bakin ƙofa na gan ta, silifas ɗinsa ne a ƙafarta, don nata takalman sun ƙi shiga. Ƙafafun sun kumbura suna ƙyalli, in ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Tana taku uku ta tsaya ta nemi numfashi. Ƙanena ya ja ni gefe ya ce ai sati uku ke nan a zaune take barci, jingine da buhun dawa, kuma ita ce ta hana a kira ni.

Ban yi mamaki ba. Ni ce 'yar farinta. Tun da aka yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma, a gida ɗaya da Inna amma kamar garinmu daban. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son magana da ni sai ta ce "ke", in da wani take maganata sai ta ce "waccan". In na shigo ɗaki ta kawar da kai, in na kawo tsaraba ta ce a ajiye a can. Haka muka taso muka tarar ana yi, kuma ban taɓa ɗaukarsa ƙiyayya ba. Kunya ce, ana ma yabon mace da ita. Na ɗauka na daɗe da sabawa.

Likita ya duba ta ya ce hawan jini ne ya daɗe yana cin ta ba a sani ba, har zuciyar ta yi girma ta gaji, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Aka ba ta gado na uku daga taga. Na tara mata filo huɗu a baya, na ɗaga kan gadon, na sa mata robar iska a hanci. Duk wannan ta bari. Amma da na ɗauko abin awon jini na kama hannunta zan naɗa, na kai ɗaya hannun zan janye mayafi in saurari ƙirjinta, sai ta damƙe mayafin da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

Ta ce, tana haki, "Duk asibitin nan babu wata sai ke?"

Matan da ke sauran gadajen suka zuba mana ido. Na juya, wadda idona ya fara faɗa wa ita ce wata yarinya da ba ta fi wata bakwai da fara aiki ba. Bafulatana ce daga wata ruga a bayan Dandamisa, siririya, mai sanyin murya. A cikin duk yaran da ke ƙarƙashina ita na fi yi wa faɗa, don ba ta da sauri. Maganin da wata za ta raba cikin rabin awa, ita sai ta kwashe awa guda, tana tsayawa a kowane gado tana tambayar yara da awaki. Na miƙa mata kayan.

Ba ta fara da awo ba. Durƙusawa ta yi a gefen gadon har gwiwarta ta taɓa siminti, ta ce, "Inna, sannu da jiki. Ya hanya? Ya aka baro mutanen Likoro? Ya aikin kaka, masara ta yi kyau bana?" Inna ta amsa ɗaya bayan ɗaya, a gajarce. Yarinyar ta riƙe bakin abin sauraron ƙirji a tafin hannunta har ya yi ɗumi, sannan ta ce, "Inna, zan ja labule, daga ni sai ke." Ta ja labulen. Ni kuma ina waje, a tsaye, riƙe da fayil ɗin uwata.

Tun daga ranar komai na Inna ya koma hannunta. Jinyar mai ciwon zuciya ba allura ɗaya ba ce a huta, aikin ido ne da haƙuri. Kullum da safe kafin ta ci komai sai an ɗora ta a sikeli, don a ga ko ruwan jikin yana raguwa. Duk abin da ta sha sai an rubuta, duk fitsarin da ta yi sai an tara a jug mai ma'auni an auna. Akwai maganin da ke sa fitsari, wanda ake bayarwa da sassafe. Akwai na hawan jini. Akwai kuma wata 'yar ƙwaya fara, ƙarama kamar ƙwayar gero biyu a haɗe, wadda ke ƙara wa zuciya ƙarfin bugu tana rage mata gudu. Ita wannan ba a bayar da ita sai an kama hannun majinyaci an ƙirga bugun jijiya na minti ɗaya cikakke. In bai kai sittin ba, a dakata a kira likita. Ni da bakina na koya wa yarinyar nan wannan ƙa'idar, har na taɓa mayar da ita gadon wata tsohuwa sau biyu don ta sake ƙirgawa.

Inna ta gwammace ta mutu da ta miƙo min jug ɗin fitsari, wannan na sani kuma na yi mata uzuri. Abin da ban yi mata uzuri a kansa ba shi ne abinci. Na hana gishiri, na hana dunƙulen miya, na hana kanwa, na ce a rage daddawa. Matar ƙanena ta aiko da tuwon masara miyar kuka, na ɗanɗana na mayar. Na koma gida na dafa mata farfesun kifi da hannuna, ba gishiri, na kawo da zafinsa. Ta buɗe kwanon ta leƙa, ta rufe, ta ce a miƙa wa ta gado na huɗu, mai jego ce, ta fi buƙata. Washegari yarinyar nan ta shigo da 'yar kula a jakarta. Faten tsaki ne, ta cika shi da yakuwa da albasa da citta, tsamin ya rufe rashin gishirin. Ta zauna a bakin gado tana fifita shi da murfi. Inna ta shanye tas, har tana lashe cokali, ta ce, "Kai, 'yar Fillo, ashe kun iya wani abu bayan dama fura?"

Suka yi dariya su biyu. Ina teburina ina rubutu, biro ya tsaya a hannuna. Na yi ta tunani ko na taɓa jin dariyar Inna daga kusa haka, ban tuna ba.

Cikin kwana goma kumburin ya sauka, aka cire robar iska, filo huɗu suka koma biyu. Ya kamata in yi murna, kuma na yi. Amma kowace safiya in na shigo, idona gado na uku yake fara zuwa, ba don in ga jikinta ba, don in ga me suke yi. Wata rana yarinyar tana shafa mata mai a ƙafa, daga yatsu zuwa sama. Wata rana tana tsefe mata kai. Inna kuwa sunanta take kira, cike da baki, sau goma a wuni, wani lokaci ba don komai ba, don dai ta juyo.

Wata hantsi ina sa wa wata mata ƙarin ruwa a gado na biyu, labule ne kawai tsakaninmu, na ji Inna tana ba ta labari. Tana faɗa mata yadda tana budurwa take tafiya da ƙafa daga ƙauyensu zuwa kasuwar Makarfi da tallan man gyaɗa a ka, da yadda ta taɓa faɗawa rafi da tulun gaba ɗaya ta fito tana ƙyalli kamar tarwaɗa. Daga nan muryarta ta sauka, ta ce tsakanin waccan da ƙanenta ta binne 'ya'ya biyu a damina ɗaya, kuma tun lokacin ne take jin wani abu yana tokare mata ƙirji. Na san an yi yaran, kakata ta faɗa min. Amma ban san a damina ɗaya ba ne, ban kuma san Inna tana magana irin wannan ba. Na nemi jijiyar matar nan sau biyu ina kuskurewa, ni da ake kira in an rasa jijiya.

Sauran ma'aikata sun lura. Wata abokiyar aikina da muka yi makaranta tare ta ce min a ɗakin canza kaya, "Sista, an fa ƙwace miki uwa da rana tsaka." Na yi dariya na ce ai na huta. Da na koma gida ranar ban iya cin abinci ba.

Ƙarshen satin ne nake rubuta jadawalin aiki. Lokacin zazzaɓin cizon sauro bai gama wucewa ba, ɗakin yara a cike yake, kuma shugabarsu ta daɗe tana roƙona in ba ta aron mutum ɗaya. Ina da ƙananan nas shida da zan iya turawa. Na rubuta sunan Bafulatanar. Dalilin da na bayar gaskiya ne, amma ba shi ne dalilina ba, kuma ina rubutawa na san haka.

Da ta ga jadawalin a bango ta zo teburina ta ce, "To, Sista, na gani. Allah ya sa haka ne mafi alheri." Sannan ta ƙara da cewa, "Dama game da Inna ne. Bugun nata yana ɗan tsallake wani lokaci, sai an riƙe hannun sosai ake ji. Ko a faɗa wa wadda za ta karɓa..."

Na ce, "Ni zan karɓa. Ko ni ma za ki koya min ƙirga bugun jijiya ne?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "A yi haƙuri, Sista." Ta tafi.

Ranar Litinin na tura keken magani da kaina zuwa gado na uku. Inna ta dubi bayana, ta ga babu kowa, ba ta tambaya ba. Na ce, "Inna, ina kwana, ya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi." Na ce ta kawo hannu. Ta miƙo shi kamar wadda za a yi wa sakiya, fuskarta na kallon bango. Na ɗora yatsu uku, na kafa ido a agogo. Hannun a sandare yake, kuma kafin allurar agogo ta yi kwata na ji tana janye shi a hankali. Minti ɗaya yana da tsawo in kana riƙe da hannun wanda ba ya son riƙonka. Na ƙirga na daƙiƙa sha biyar, na ninka sau huɗu, na rubuta, na ba ta 'yar ƙwayar ta haɗiye. Haka na yi Talata, haka Laraba, haka Alhamis.

A kwanakin ta rage cin abinci. Na yi mata faten tsaki irin wancan, har yakuwar na fi sakawa, ta yi cokali biyu ta ture. Ta daina hira da maƙwabtan gado, ta koma kwanciya ido a rufe. Ni kuwa abin da na fassara shi ne yaji take yi min saboda an ɗauke mata 'yar Fillonta. Na ji haushi ƙwarai. Na ce a raina, bari mu ga iya kwanakin da za ta yi. Shekara ashirin da biyu ina gaya wa yara cewa in mai shan wannan ƙwaya ya daina cin abinci a bincika, amma a kan uwata ban ga majinyaciya ba, rigimata kawai na gani.

Ranar Juma'a bayan la'asar yarinyar ta tashi daga aikinta na ɗakin yara, ta biyo ta ɗakinmu da 'yar robar fura da nono. Ta gaishe ni, ta ce ko za ta iya leƙa Inna. Na ce ai ba a hana gaisuwa. Ina kallonsu ta gefen ido. Inna ta buɗe ido ta gan ta, ta yunƙura za ta tashi. Da aka buɗe furar sai ta kawar da kai ta toshe baki da mayafi. Sannan na ji ta ce, "Wa ya rina miki fararen kayanki? Ke ma kin koma rawaya? Kwana uku ke nan komai rawaya nake gani, har fitilar can an yi mata zobe."

Yarinyar ta ajiye robar a ƙasa. Ta kama hannun Inna, ta dubi agogon da ke maƙale a ƙirjin rigarta, ba ta ɗago ba har minti ya cika. Ta sake na biyu. Ta yi mata wasu tambayoyi ƙasa-ƙasa. Sannan ta taso ta zo teburina, ta rusuna daidai kunnena yadda ba wanda zai ji.

Ta ce, "Sista, arba'in da shida ne, kuma yana tsallake. Ta ce tun Laraba take amai, a banɗaki take yi ta wanke da kanta."

Fayil ɗin yana buɗe a gabana. Sittin da huɗu, sittin da takwas, sittin da huɗu, sittin da huɗu, duk da rubutuna. Duk wanda ya san aikin, in ya ga lambobin nan a jere ya san ninki huɗu ne, ba ƙirga ba. Na ga idonta ya sauka a kansu, ya tsaya kaɗan, ya ɗauke. Ta miƙe tsaye.

Muka kira likita. Ya zo ya saurara, aka jona mata wayoyi a ƙirji aka fitar da takardar bugun zuciya, ya ce ƙwayar ce ta taru ta yi mata yawa a jiki, a tsayar da ita nan take. Aka ɗebi jini, ƙanena ya kai Zariya a kan mashin. Sakamakon ya nuna maganin fitsarin ya wanke mata wani gishirin jini da zuciya ke buƙata, shi ya sa ƙwayar ta zame mata dafi ko da ba a ƙara adadinta ba. Likita yana juya fayil ɗin ya ce, "Wa yake ƙirgawa kwanakin nan?" Yarinyar ta buɗe baki, ban san me za ta ce ba, na riga ta. Na ce, "Ni ce." Ya dube ni ta saman gilashinsa, ya rufe fayil ɗin. Washegari ya kira ni ofis, ya faɗa min abin da ya kamata a faɗa min, ban yi musu ko ɗaya ba.

Zan faɗi gaskiya tunda ita na zauna rubutawa. Ranar Juma'ar nan tsoro ne ya fara kama ni, sai kunya. Amma da aka sa wa Inna ruwa, bugun ya fara daidaita, ɗakin ya lafa, abin da ya taso min ba godiya ba ce. Tambaya ce. Kwana uku tana amai, ni ina tsaye a kanta safe da yamma, ta ɓoye min. Wata ta shigo da robar fura, kafin ta zauna an faɗa mata komai.

Bayan kwana biyu, da ta ɗan farfaɗo, na ja kujera na zauna kusa da gadonta, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Inna, me ya sa ba ki gaya min ba? Da an ƙara kwana ɗaya da yanzu wani zancen ake yi."

Ta juya fuskarta ga bango. Sannan ta ce, "Ke ce min kike ya jiki. Ita kuwa cewa take, kin ci, kin yi amai, kin zaga, idonki fa? Wanda aka tambaye shi ai shi ke amsawa."

Na ce, "Da na tambaya za ki faɗa min?"

Ta ce, "Oho." Ta gyara mayafinta ta rufe ido.

Na sake jadawalin a ranar. Ban nemi wani dalili na rubuta ba, na mayar da yarinyar ɗakin mata kawai. Na kira ta na ce na gode, da kuma abin da ta gani a fayil ta yi shiru. Ta ce, "Haba Sista, ai ke kika koya min." Na san da zuciya ɗaya ta faɗa, amma sai da maganar ta yi min zafi.

Sati biyar Inna ta yi aka sallame ta. Na so ta zauna a gidana a Ikara, ta yi wata ɗaya ta ce kajinta da awakinta sun lalace, sai Likoro. Tunda ba ta karatun boko, na zauna na zana mata rana da wata a jikin kowace ledar magani. Yarinyar kuma ta samo gwangwanaye uku na madara, ta ɗaura wa ɗaya jan ƙyalle, ɗaya kore, ɗaya fari, ta ce wannan bayan sallar asuba, wannan bayan azahar, wannan bayan magariba. Da na je dubiya bayan sati biyu, gwangwanayen na jere a kan taga, ledojin da na zana kuwa matar ƙanena ta zuba barkono a ɗaya. Ita matar ƙanen nawa an koya mata kama hannu da duba ƙafa, kuma ta iya. Da azumi ya zo Inna ta ce sai ta yi. Na yi magana har na gaji, na kawo mata maganar likita, ta ce likita ba shi zai kwanta mata a kabari ba. Yarinyar ta hau mashin ranar hutunta ta je, ta ce, "Inna, Allah da kansa ya yi wa marar lafiya rangwame, ke ce za ki mayar masa da kyautarsa?" Aka auna hatsi aka ciyar, Inna ta ci gaba da shan maganinta.

Shekara biyu da 'yan watanni ta ƙara a duniya. A tsakanin yarinyar ta yi aure, aka mayar da aikinta wajen Makarfi, zuwanta Likoro ya ragu amma waya ba ta yanke ba. In na je na tarar suna magana a wayar ƙanena, sai in zauna a tsakar gida in jira su gama.

Ciwon ƙarshe da damina ya taso. Likita ya ce zuciyar ta kai iyakarta, kuma Inna ta ce ba za ta sake kwanciya a asibiti ba. Na ɗauki hutu na tare a Likoro. Yarinyar tana da tsohon ciki, ba ta iya hawa mashin a kan wannan hanya mai laka. Saura ni. Inna ba ta da ƙarfin damƙe mayafi kuma. Ni na riƙa juya ta, ni na riƙa goge mata jiki da ruwan ɗumi, ni na riƙa zubar da abin da za a zubar. Duk lokacin da nake yi ido take rufewa. Na koyi tambayarta ɗaya bayan ɗaya, kin ji jiri, ƙirjin yana nauyi, ruwan ya wuce? Wani lokaci ta amsa da ka, wani lokaci da baki. Ranar Laraba ina gyara mata filo ta buɗe ido ta dube ni sosai, na matso. Ta ce, "'Yar Fillo ta sauka kuwa?" Na ce tukuna. Ta ce Allah ya raba lafiya. Washegari da hantsi ta cika, kanta a kan hannuna.

Ranar sadakar uku yarinyar ta zo a motar haya, da ƙyar take tafiya. Ta durƙusa ta yi min gaisuwa, muka yi kuka tare. Da mata suka ragu ta matso ta ce akwai abin da take son faɗa min. Ta ce tun a asibiti, duk ranar da na fita daga ɗakin, sai Inna ta tambaye ta, "Waccan ta ci abinci kuwa? Tun safe take tsaye." Ta ce Inna ta taɓa gaya wa matan ɗakin, ina ofishin likita, cewa duk nas-nas ɗin nan da suke gani 'yarta ce ke juya su. Ta ce ko a waya, kafin su yi sallama sai ta ce, "Ki riƙa leƙa waccan, ba ta iya faɗin damuwarta ba."

Na ji daɗin maganar, kuma har gobe ina jin daɗinta. Amma ko a wannan zaman, hawaye na zuba, sai da wani abu ya ce min a rai, har wannan ma ita aka faɗa wa.

Bayan kwana goma sha ɗaya ta haifi mace. Mijinta ya kira ƙanena ya ce sun yanke shawarar sa wa jaririyar sunan Inna, in ba mu da ja. Ni 'ya'yana huɗu, duk maza, kuma na wuce haihuwa. Ƙanena ya yi ta murna a waya, ya miƙo min, na ce Allah ya raya, ya sa ta gaji mai sunan.

Na je sunan da turmin atamfa da sabulai. Gida cike da Fulani 'yan uwanta, suka shimfiɗa min tabarma a ɗakin mai jego, aka miƙo min jaririyar. Wata tsohuwa daga danginsu ta ce in kira ta mana ta ji muryata. Na buɗe baki, sunan ya ƙi fita, don ban taɓa furta shi ba tunda nake. Na ce, "Sannu, Inna ƙarama." Matan suka ɗauka, har yau da shi ake kiranta. Bana ta shiga aji biyu na firamare, kuma duk hutun ƙarshen shekara uwarta takan kawo min ita Ikara ta yi sati ɗaya.